Fina-finan Masu Zaman Kansu: Abin da Ya Kamata Mai Kallo a Zangon Accra Ya Sani Kafin Ya Zaɓa

A daren 2 ga Maris na 2025, wani fim mai suna Anora, wanda kuɗin shirya shi bai wuce dala miliyan 6 ba, ya lashe kyaututtukan Oscar guda biyar, ciki har da ta gwarzon fim na shekara, alhali yana takara da fina-finan da aka kashe wa ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi. Bayan wata biyu kuma aka nuna My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa, ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin da bikin ya zaɓa a hukumance. Daga nan ne maganar fim "mai zaman kansa" ta yawaita a majalisun matasa na unguwannin Nima da Maamobi da Madina a Accra, sai dai kowa da irin fahimtar da ya yi mata. Wani yana ɗauka fim ne mai tsafta da za a iya kallo tare da iyali tunda ya ci kyauta, wani yana ganin fim ne na marasa kuɗi da ba shi da inganci, wani kuma yana zaton fim ne da ba shi da mai shi, saboda haka halal ne a sauke shi a waya ba tare da biyan ko sisi ba. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya dace da gaskiyar lamarin.

Wane ne mai zaman kansa?

Harkar fim a Amurka tana hannun manyan kamfanoni biyar ne: Disney, Warner Bros., Universal, Paramount da Sony. Su ke zuba jari, su ke da hanyoyin kai fim gidajen sinima na duniya, kuma galibi su ke da ta cewa a kan yadda labari zai ƙare. Fim mai zaman kansa shi ne wanda aka nemo kuɗinsa aka kuma shirya shi a wajen waɗannan kamfanoni, daga aljihun mai fim, ko ƙananan masu zuba jari, ko asusun tallafi irin na gwamnatocin Turai. Idan an gama shi sai a kai shi bikin fina-finai kamar Sundance a Amurka, ko Cannes, ko Venice, ko Toronto, ko FESPACO a Wagadugu, a can ne masu rarrabawa suke gani su taya. Kamfanonin da suka yi suna wajen sayen irin waɗannan fina-finai su ne A24 da aka kafa a 2012, da Neon da aka kafa a 2017, da Mubi. A Amurka, Neon kaɗai ya riƙe haƙƙin rarraba fina-finai shida a jere da suka ci babbar kyautar Cannes, daga Parasite na 2019 zuwa It Was Just an Accident na 2025.

Iyakar ba a fili take ba kamar yadda ake zato. Searchlight da Focus Features suna fitar da fina-finai masu kama da na masu zaman kansu, amma na farkon mallakar Disney ne, na biyun kuma na Universal. Get Out na 2017 ƙaramin kamfanin Blumhouse ne ya shirya shi, Universal ya rarraba. Sinners na Ryan Coogler, wanda mutane da yawa suka saka cikin wannan rukuni saboda baƙaƙen fata ne suka cika shi, na Warner Bros. ne kuma an kashe masa kuɗi masu yawan gaske, duk da cewa daraktan ya sami yarjejeniyar da ta bar masa ikon yanke hukuncin ƙarshe a kan fim ɗin. Saboda haka abin da sunan yake nunawa shi ne inda kuɗi ya fito da kuma wanda ke da wuƙa da nama a kan labari. Bai ce komai ba game da tarbiyya ko inganci. Anora kansa labarin wata mai rawar tsiraici ne a New York da ta auri ɗan wani attajirin Rasha, kuma cike yake da abubuwan da magidanci ba zai so su bayyana a talabijin ɗin falonsa ba.

Akwai kuma nau'o'in fim uku da ake yawan haɗawa, wato na tsoro da mai sa fargaba da na labarin rayuwa, amma bambancinsu a sauƙaƙe yake. Fim na tsoro yana neman firgita mai kallo ne, da aljani ko maye ko mai kisa. Fim mai sa fargaba ba lallai ne a ga wani abin gaibu a cikinsa ba. Abin da ke riƙe mutum shi ne rashin sanin yadda za ta kaya, kamar farautar mai laifi ko shari'a ko ramuwar gayya. Na labarin rayuwa kuma yana bin halin mutane ne da zamantakewarsu. Yawancin fina-finan da suka yi fice a shekarun nan suna gauraya biyu ko ma duka ukun.

Dalilin da ya sa na tsoro suka fi yawa

Amsar tana cikin lissafin kasuwa. Fim na yaƙi ko na jarumai masu tashi sama yana buƙatar fitattun taurari da dubban ma'aikata, amma na tsoro gida ɗaya da duhu da sauti mai kyau sun ishe shi, kuma masu kallonsa ba su damu da ko sun san fuskar ɗan wasan ba. The Blair Witch Project na 1999, wanda aka ɗauka da kuɗin da bai wuce dala dubu 60 ba, ya tara kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity an ɗauke shi da kimanin dala dubu 15 a cikin gidan daraktansa, ya kawo fiye da miliyan 190. Get Out ya ci miliyan 4.5 ya dawo da sama da miliyan 250, ya kuma ba daraktansa Jordan Peele kyautar Oscar ta rubutun labari. Talk to Me, wanda wasu tagwaye 'yan Ostiraliya, Danny da Michael Philippou, da suka fara da sanya bidiyo a YouTube suka shirya da miliyan 4.5, ya haura miliyan 90. Mai jari da ya ga haka zai gwammace ya raba kuɗinsa a kan ƙananan fina-finai goma, ko da takwas sun faɗi biyu su rufe asarar, a kan ya jibge su a kan babban fim ɗaya.

Akwai dalili na biyu da ya shafi masu rubutun. Tsoro ya zama rigar da ake sanya wa batutuwan da suke da nauyin faɗi kai tsaye, irin su wariyar launin fata da gudun hijira da zaman makoki da cin zalin ma'aikata. Mai kallo ya zo neman firgici, ya tafi da tunanin abin da bai yi niyyar tunawa ba.

Ghana ta riga ta san wannan hanya

Wanda ya san tarihin fim a ƙasar nan ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kwaw Ansah ya sha fama wajen neman rance kafin ya fitar da Love Brewed in the African Pot a 1980, ba tare da dogaro da kamfanin fim na gwamnati ba, kuma fim ɗinsa na biyu, Heritage Africa, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1989. A 1987 William Akuffo ya ɗauki kyamarar bidiyo ta kaset ya shirya Zinabu, labarin wani talaka da ya faɗa hannun kyakkyawar mace mai dukiya wadda ashe mayya ce, shekara biyar kafin Living in Bondage ya buɗe ƙofar Nollywood a Najeriya. Wato masana'antar bidiyon Ghana da fim na tsoro mai zaman kansa ta fara. Dattawan Nima suna tuna sinimar Dunia, da ɗakunan kallon bidiyo na unguwa, da hotunan talla da masu zane suke yi da fenti a kan buhun fulawa, waɗanda sau da yawa sun fi fim ɗin kansa ban tsoro, kuma a yau masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka suna sayensu da tsada. A 1996 aka sayar da kaso mafi girma na kamfanin fim na gwamnati ga 'yan Malesiya, tsofaffin gidajen sinima da dama suka koma majami'u ko shaguna, kasuwa ta koma hannun 'yan kasuwar Opera Square a Accra da masu fina-finan Twi na Kumasi. A ma'anar kalmar, kusan duk fim ɗin Ghana da na Kannywood mai zaman kansa ne. Abin da ya raba su da waɗanda ake magana a kai shi ne lokacin da ake ɗauka wajen rubutu da gyaran sauti da hoto, da kuma kasuwar da aka nufa.

Waɗanda suka cancanci lokacin mai kallo

Fim ɗin da ya fi kusa da rayuwar zango shi ne Io Capitano na 2023, na daraktan Italiya Matteo Garrone. Samari biyu 'yan Dakar suna tara kuɗi a ɓoye, suka bi ta Mali da Agadas suka tsallaka Sahara zuwa Libiya da nufin shiga Turai. Akwai wurin da motar a-kori-kura ke gudu cikin rairayi maƙare da mutane, wani ya faɗo, sauran suna ihu suna dukan motar, direban ko waiwaye bai yi ba. Akwai kuma gidan da ake tsare matafiya a Libiya, inda ake ba mutum zaɓi tsakanin ya ba da lambar wayar danginsa a nemi kuɗin fansa ko a azabtar da shi. Da wuya a sami lungu a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi da ba a san wani da ya bi wannan hanya ba, kuma fim ɗin bai yi wa yaran wa'azi ba, bai kuma ƙawata tafiyar ba. Da Wolof da Faransanci aka yi shi. Jaruminsa Seydou Sarr ya ci kyautar matashin ɗan wasa a Venice, irin wadda Abraham Attah ɗan Ghana ya ci a 2015 da Beasts of No Nation.

His House na 2020, na Remi Weekes, ya ɗora daga inda wancan ya tsaya. Miji da mata 'yan Sudan ta Kudu sun tsira daga teku an ba su wani ruɓaɓɓen gida a gefen wani gari a Ingila, da sharaɗin ba za su yi aiki ba kuma ba za su bar gidan ba, sai wani abu ya fara magana daga cikin bango. Mafi zafin wuri a fim ɗin babu aljani a cikinsa: matar ta ɓata hanya tana neman asibiti, ta hango samari baƙaƙen fata ta ji sanyi a ranta, ta tambaye su, suka kwaikwayi harshenta suka ce ta koma Afirka. Atlantics na Mati Diop, wanda ya ci kyauta ta biyu mafi girma a Cannes a 2019, ya ɗauki ma'aikatan gini a Dakar da aka hana albashinsu suka shiga kwale-kwale suka nutse, sai ruhinsu ya riƙa hawa kan 'yan matan unguwa da dare suna zuwa gidan mai kamfanin neman haƙƙinsu. Nanny na Nikyatu Jusu, wanda ya zama fim na tsoro na farko da ya ci babbar kyautar Sundance a 2022, ya bi wata 'yar Sanigal mai renon 'yar masu kuɗi a New York alhali nata ɗan yana gida, kuma ya shigo da Mami Wata da Anansi, gizon tatsuniyar Akan da kowane yaro a Ghana ya sani.

A gida akwai The Burial of Kojo na Blitz Bazawule, na 2018, wanda ya haɗa kuɗinsa da gudummawar jama'a ta intanet ya ba da labarin yarinya mai neman mahaifinta da ya maƙale a tsohon ramin haƙar zinariya, ya taɓo galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, tun kafin maganar ta kai inda take a yau. Azali na Kwabena Gyansah, wanda yawancinsa da Dagbanci ne, ya bi wata yarinya 'yar arewa da ta guje wa auren dole ta ƙare a titunan Accra. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, na 2020, da Hausa da Fulatanci aka yi shi a jihar Taraba, da Maryam Booth a cikin 'yan wasa, kan wata mai tallar nono da ke neman ƙanwarta bayan harin 'yan tayar da ƙayar baya. Mai jin Hausa ba ya buƙatar karanta fassara a yawancinsa.

A ɓangaren masu sa fargaba, It Was Just an Accident na Jafar Panahi, wanda aka ɗauka a asirce a Iran ba tare da izinin hukuma ba, ya tsaya a kan tambaya guda: wani tsohon fursuna ya ji ƙarar ƙafar roba ya tabbata ta mutumin da ya azabtar da shi ce, ya sace shi, sai shakka ta kama shi domin idonsa a ɗaure yake duk zamansa a kurkuku. Anatomy of a Fall na Justine Triet shari'ar matar da ake zargi da kashe mijinta ce, babban mai shaida kuma ɗansu ne mai raunin gani. Yana da tsawo da yawan magana, wanda ya saba da faɗa da tsere zai iya gajiya kafin rabi. Talk to Me da Longlegs da The Substance sun yi suna ƙwarai, amma na manya ne zalla, na ƙarshen ma yana da tsiraici da zubar da jini fiye da abin da yawancin masu kallo a nan za su iya ɗauka.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Malamai da iyaye da ke adawa da fina-finan tsoro suna da hujjoji da ba na wasa ba. Suna cewa irin waɗannan fina-finai suna ba boka da maye da matacce ikon da ba su da shi, suna koya wa yaro jin tsoron abin halitta, kuma suna nuna mamaci yana dawowa, abin da ya saɓa wa aƙidar Musulunci. Suna ƙara da cewa yaron da ya ga samari a Talk to Me suna riƙe hannun gawa domin ruhi ya shige su, abokansu na dariya suna ɗauka a waya, zai iya ɗaukar kiran iskoki abin wasa. Masu kare fina-finan suna amsawa da cewa tatsuniyar Hausa kanta cike take da Dodo da mayu, kuma a kusan duk labaran nan wanda ya taɓa abin da ba nasa ba shi ke kwana a ciki, don haka gargaɗi ne ba talla ba.

Mazauna zango suna da wani ƙorafi na daban da ya fi waɗannan tsufa. Masu bincike irin su Birgit Meyer sun nuna yadda fina-finan bidiyon Ghana suka ginu a kan kallon da majami'un Pentikostal ke yi wa duniya, inda fasto ke zuwa a ƙarshe ya karya asiri. A cikin wannan tsari, musamman a fina-finan sakawa, wato damfarar intanet haɗe da tsafi, da suka yawaita a ƙarshen shekarun 2000, sau da yawa mutumin da ke ba da asirin kuɗi mai rawani ne da carbi ana kiransa malam. Wannan ya sa wasu ke ganin matsalar ba nau'in fim ɗin ba ce, matsalar wanda ke riƙe da kyamara ce, kuma suna kafa hujja da Atlantics da Nanny, inda Musulmin Afirka ta Yamma suke tsakiyar labari a matsayin mutane masu mutunci da damuwa irin ta kowa.

Akwai kuma masu sukar bukukuwan kansu. A ganinsu alƙalan Turai sun fi karkata ga fim ɗin Afirka da ke nuna talauci da hijira da yaƙi, don haka mai neman tallafinsu yakan rubuta abin da suke son gani. Masu fim da dama suna mayar da martani cewa da babu waɗannan asusu da fina-finan ba su wanzu ba sam, tunda bankunan gida ba sa ba da rance a kan labari. Ko wanne ɓangare yana da abin kamawa, kuma misalin My Father's Shadow, labarin yara biyu da suka yini da mahaifinsu a Legas a lokacin rikicin soke zaɓen 1993, yana nuna cewa ana iya shiga Cannes da labarin iyali da siyasar gida.

Doka, kuɗi da wayar hannu

Dokar fim ta Ghana ta 2016, mai lamba 935, ita ta kafa Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, kuma daga Mayun 2021 aka wajabta tantance fim a sanya masa alamar shekaru kafin a nuna shi a sinima ko talabijin. Gibin da ke akwai shi ne yawancin fina-finan da aka ambata a sama ba ta waɗannan ƙofofi suke shigowa ba. Rahoton UNESCO na 2021 ya ƙiyasta cewa allon sinima ɗaya ne ga kusan mutum dubu 787 a Afirka, kuma 'yan kaɗan da ke Accra Mall da West Hills da Kumasi City Mall sun fi ba manyan fina-finan Amurka da na Najeriya wuri domin su ke cika kujeru. Saura sai Netflix ko Prime Video ko Mubi, masu buƙatar kuɗin wata-wata da katin banki da data mai yawa, ko kuma tashoshin Telegram da masu tura fim a waya a bakin titi, inda fim ke zuwa babu alamar shekaru babu bayani. A nan ne nauyin ya koma kan iyaye. Harafin R a fim ɗin Amurka yana nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, lamba 15 ko 18 a na Ingila kuma tana nufin abin da ta faɗa, kuma duba wannan a waya bai kai minti ɗaya ba.

Satar fasaha tana cutar ƙaramin mai fim fiye da babban kamfani, domin shi fim ɗaya ne jarinsa gaba ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta haramta ta, kuma a 2025, bayan koke-koken 'yan fim na Najeriya cewa wasu tashoshin talabijin na Ghana suna nuna ayyukansu ba izini, hukumar fina-finai ta gargaɗi tashoshin cewa suna iya rasa lasisinsu. A gefe guda kuma kasuwar halal ɗin tana ƙanƙancewa: a farkon 2024 Amazon ya janye daga zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka, abin da ya tura masu fim da yawa zuwa YouTube, inda kallo kyauta ne kuma talla ke biyan mai aiki.

Ga matasan zango masu sha'awar shirya fim, akwai ƙa'ida ɗaya da ta zo musu daidai. Rukunin fina-finan ƙasashen waje na Oscar yana sharɗanta cewa mafi yawan maganar fim ta kasance ba da Turanci ba, kuma a kan haka aka cire fim ɗin Najeriya Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019. A shekarar ce Ghana ta aika fim karo na farko, ta zaɓi Azali mai Dagbanci. Najeriya ta aika The Milkmaid a shekarar da ta biyo baya, sannan a 2024 ta aika Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura da Hausa. Babu ɗayansu da ya kai zagayen ƙarshe, amma sau biyu ke nan cikin shekara biyar fim mai magana da Hausa yana wakiltar ƙasa mafi girman masana'antar fim a nahiyar.